Baja Mai Dogon Gemu: Nikola Pashich da Siyasar Jan Ƙafa a Sabiya

Ranar Asabar 25 ga Yulin 1914, saura 'yan mintoci ƙarfe shida na yamma ta cika, wani tsoho mai farin gemu har ƙirji ya isa ofishin jakadancin daular Ostiriya da Hangari a Belgrad, babban birnin Sabiya, riƙe da ambulan. Kwana biyu kafin nan daular ta ba ƙasarsa wa'adin awa 48 ta amince da wasu sharuɗɗa goma, bayan kisan da aka yi wa yarimanta mai jiran gado, Franz Ferdinand, a Sarajevo, babban birnin Bosniya. Amsar ce tsohon ya kawo da hannunsa. Jakadan, Baron Giesl, ya duba takardar, ya ce ba ta gamsar ba. Dama kayansa a ɗaure suke, kafin ƙarfe bakwai ya hau jirgin ƙasa ya tsallake iyaka. Bayan kwana uku aka shelanta yaƙi, wanda ya rikiɗe ya zama Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tsohon shi ne Nikola Pashich, firaministan Sabiya, mai shekara 68 a lokacin. Mutanensa suna kiransa Baja. Ya riƙe kujerar firaminista a lokuta daban-daban tsakanin 1891 da 1926, kimanin shekara 17 idan aka haɗa, da farko a Sabiya, daga baya a sabuwar ƙasar da ta zama Yugoslabiya. Takardar da ya miƙa a ranar nan hoton siyasarsa ce baki ɗaya. Wanda ya karanta ta a gurguje zai ce Sabiya ta miƙa wuya, har Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da ya gan ta sai da ya rubuta cewa dalilin yaƙi ya kau. Wanda ya karanta ta a tsanake kuwa zai ga kusan kowace "mun yarda" tana ɗauke da sharaɗi a gindinta, kuma abu guda da ya fi muhimmanci ga Ostiriya, wato jami'anta su shiga binciken shari'a a cikin Sabiya, an ƙi shi.

Abin mamaki, mutumin da ya shahara da irin wannan taka-tsantsan da zafin kai ya fara siyasa. An haife shi a 1845 a yankin Zajechar, gabashin Sabiya, kusa da iyakar Bulgeriya. Gwamnati ta ba shi tallafin karatu a 1868 ya tafi Zurich ya karanci injiniyanci. Zurich ta wancan zamani matattara ce ta 'yan gudun hijirar Rasha masu neman juyin-juya-hali, kuma a can ya shaƙu da Svetozar Markovich, wanda ake ɗauka uban ra'ayin gurguzu a Sabiya. Da ya dawo gida aikin injiniya bai riƙe shi ba. Ya shiga majalisa a 1878, sannan a 1881 shi da abokansa suka kafa Jam'iyyar Radikal ta Jama'a.

Sai an san Sabiyar wancan lokaci kafin a gane ƙarfin wannan jam'iyya. Ƙasa ce ta ƙananan manoma, kusan kowa da 'yar gonarsa da aladunsa da bishiyoyin 'ya'yan itace, babu manyan masu ƙasa kamar na Hangari ko Rasha. Abin da ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya shi ne ma'aikacin gwamnati da ake turo masa daga Belgrad: mai karɓar haraji, ɗan sanda, shugaban gunduma. 'Yan Radikal suka ce mulki na jama'a ne, majalisa ce za ta naɗa gwamnati, kuma kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi masu tafiyar da ita. Sunan jaridarsu ma Samouprava, wato mulkin kai. A riƙe wannan suna, za mu dawo gare shi. Su ne suka fara kafa rassa ƙauye-ƙauye, da malaman makaranta da limaman coci a matsayin jagorori, yayin da sauran jam'iyyu suka tsaya a zaurukan manyan birni.

Sarki Milan Obrenovich bai ga abin dariya a ciki ba. A 1883 'yan Radikal suka lashe zaɓe, ya hana su kafa gwamnati. Sannan ya ba da umarnin a karɓe bindigogin da manoma ke ajiye a gida tun zamanin rundunar sa-kai. Ga manomin da kakanninsa suka yaƙi Turkawa, bindigar da ke rataye a bango ita ce shaidar 'yancinsa. Gabashin ƙasar ya ɗauki wuta, abin da ake kira Tawayen Timok. Sojoji suka murƙushe shi cikin 'yan makonni, aka harbe kimanin mutum 20, aka garƙame shugabannin jam'iyya. Pashich ya sulale ya tsallake iyaka, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Shekara shida ya yi yana gudun hijira, galibi a Bulgeriya, sai da Milan ya amince da sabon tsarin mulki ya kuma yi murabus a 1889 sannan aka yi masa afuwa. Ya dawo gwarzo: shugaban majalisa, magajin garin Belgrad, firaminista a 1891, jakada a Rasha a 1893.

A ganina, shekarar da ta fi bayyana mutumin ita ce 1899. Milan ya dawo ƙasar yana juya ɗansa Sarki Aleksandar. Wani ya harbe shi a titi bai mutu ba, sai ya samu hanyar gamawa da 'yan Radikal. Aka kama Pashich, igiya na lilo a kansa. A gaban kotu ya tsaya ya amsa cewa jam'iyyarsa ta ƙyale masu adawa da gidan sarauta a cikinta, ya nuna nadama. Aka yanke masa shekara biyar, aka yafe masa nan take, abokansa kuwa suka tafi kurkuku da sarƙa. Daga baya ta bayyana cewa matsin lamba daga Rasha da Ostiriya ya riga ya tsare masa rai, ke nan da ya dake ma ba za a kashe shi ba. Magoya bayansa suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Matasan jam'iyya suka ce ragonta ce tsagwaronta, kuma wannan tabo na cikin abin da ya kai su ga ɓallewa suka kafa ɓangaren Radikal masu zaman kansu. Shi bai tsaya kare kansa da dogon bayani ba. Ya yi shiru ya jira.

Jiran bai yi tsawo ba. A watan Yunin 1903 (Mayu ne a tsohuwar kalandar da Sabiya ke bi, shi ya sa ake ce masa juyin mulkin Mayu) wasu hafsoshi suka kutsa fada da dare, suka kashe Sarki Aleksandar da matarsa Draga, suka wurgo gawarwakinsu ta taga. Aka kawo Petar Karadjordjevich aka naɗa. Sabon sarki ya yarda da mulkin majalisa, kuma a mulkin majalisa mai rinjaye ne sarki. Daga 1904 har yaƙin duniya, in ban da 'yan tsakani, ko dai Pashich ne firaminista ko kuwa shi ke naɗa wanda zai hau.

Yaya mutumin da ba ya iya magana ya yi wannan? Domin kuwa shaidu sun haɗu a kan cewa ba mai fasahar baki ba ne. Yana gunguni cikin gemu da karin harshen mutanen gabas, yana tauna kalmomi, mutanen birni suna yi masa ba'a. Amma wannan rauni ya zame masa garkuwa. Mutum biyu masu gaba da juna za su fito daga ofishinsa kowanne yana ganin an ba shi gaskiya. Ba ya son sa alƙawari a takarda. Idan rikici ya yi zafi sai ya bar shi ya huce, ko ya yi murabus yana sane da cewa babu wanda zai iya haɗa rinjaye in ba shi ba, a dawo a roƙe shi. Ƙarfinsa na gaske yana cikin jam'iyya: ya san wa ke da ƙuri'u a wace gunduma, wa ke bukatar aiki ga ɗansa, wa ke neman kwangila. Jam'iyyar da ta taso tana zagin ma'aikatan gwamnati ta koma ita ke raba muƙaman.

A waje kuwa alƙiblarsa ɗaya ce, Rasha. Sarakunan Obrenovich sun jingina da Ostiriya, wadda ke sayen sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan da Sabiya ke fitarwa. Da Belgrad ta ƙulla yarjejeniyar kwastan da Bulgeriya, kuma Pashich ya nuna zai sayi igwa daga kamfanin Schneider na Faransa maimakon Skoda na daular Ostiriya, sai Vienna ta rufe iyakarta ga dabbobin Sabiya a 1906. Shi ne ake kira Yaƙin Aladu, don alade ne babban abin da manomin Sabiya ke sayarwa. An zaci cikin 'yan watanni za su durƙusa. Sai suka ciyo bashi daga Faransa, suka gina mayankar dabbobi, suka nemi kasuwa a Jamus da Masar da wasu wurare ta tashar Salonika. Ostiriya ta yi asarar kasuwa, ta kuma yi asarar linzamin da take riƙe da shi. A 1908 ta rama da haɗiye Bosniya, inda Sabiyawa suke da yawa. Belgrad ta yi ta kumfar baki, amma da Rasha ta janye jiki dole ta haɗiye fushinta a 1909.

Yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 su ne ƙololuwar nasararsa. Sabiya da Bulgeriya da Girka da Montenegro suka taru suka kori daular Turkawa daga kusan duk abin da ya rage mata a Turai, sannan suka faɗa wa juna a kan rabon ganima. Sabiya ta fito da Kosovo da babban ɓangaren Masedoniya, faɗinta ya kusa ninkawa, jama'arta suka tashi daga kusan miliyan 3 zuwa kusan miliyan 4 da rabi. A nan ne alamar farko ta matsalar gaba ta bayyana. Yawancin mutanen sababbin yankunan Albaniyawa ne da Turkawa Musulmi da Slabawan Masedoniya waɗanda da yawansu ba sa kiran kansu Sabiyawa. Gwamnatin jam'iyyar "mulkin kai" ba ta shimfiɗa musu haƙƙoƙin tsarin mulki ba, ta riƙa mulkarsu da dokokin ta-ɓaci. Kwamitin ƙasa-da-ƙasa na Carnegie da ya binciki yaƙin ya rubuta kisan gilla da ƙone ƙauyuka da dukkan ɓangarori suka yi, har da abin da sojojin Sabiya suka yi wa Albaniyawa.

Wa zai mulki waɗannan yankuna, soja ko farar hula? Wannan tambaya ta haɗa Pashich da mutumin da ya fi kowa zame masa ƙaya, Kanar Dragutin Dimitrijevich, wanda ake kira Apis. Yana cikin waɗanda suka kashe sarki a 1903, shi ne shugaban leƙen asirin soja, kuma jigo a ƙungiyar asiri da aka kafa a 1911 mai suna Haɗin Kai ko Mutuwa, wadda aka fi sani da Baƙin Hannu. Burinsu da na Pashich ɗaya ne, a tattara duk Sabiyawa a ƙasa guda. Bambancin shi ne su suna so yau, shi kuwa ya san sojojin sun gaji, baitulmali ya bushe, Rasha ba ta shirya ba. A watannin Mayu da Yunin 1914 hafsoshin suka kusa kayar da shi, jakadan Rasha Nikolai Hartwig ne ya tsaya masa. Sarki Petar ya miƙa ragama ga ɗansa Aleksandar a matsayin muƙaddashi, aka sa ranar sabon zaɓe. Kwana huɗu bayan haka, 28 ga Yuni, wani matashi Basabiye ɗan Bosniya, Gavrilo Princip, ya harbe Franz Ferdinand a Sarajevo, da makaman da suka fito ta hannun mutanen Apis.

Shin Pashich ya sani? A 1924 Ljuba Jovanovich, wanda minista ne a gwamnatinsa ta 1914, ya rubuta cewa firaministan ya gaya wa ministoci tun kafin abin ya faru cewa wasu matasa na shirin tsallakawa don yin kisan, kuma an ba da umarnin a tare su a iyaka amma masu gadin iyakar na Baƙin Hannu ne. Pashich ya musanta a 1926. Abin da aka tabbatar shi ne jakadan Sabiya a Vienna ya je wurin ministan kuɗin daular, Leon Bilinski, ya yi masa hannunka-mai-sanda cewa ziyarar yariman na da haɗari, cikin lafazin da bai sa kowa ya motsa ba. Ni dai wannan gargaɗi mai kama da ba gargaɗi ba ya yi mini kama da aikin Baja. Gaba kura baya sayaki: ya fito fili ya tona asirin hafsoshinsa, su kira shi maci amanar ƙasa ana gab da zaɓe, wataƙila ma su yi masa abin da suka yi wa sarki, ya yi gum, Ostiriya ta samu dalili. Sai ya ɗauki hanyar da ya saba, rabi-da-rabi. Wannan karon jan ƙafa bai sayo masa lokaci ba.

Sabiya ta ba duniya mamaki a 1914, ta kori sojojin Ostiriya a yaƙin Cer da na Kolubara. A 1915 annobar zazzaɓin ƙwarƙwata ta ci dubban mutane, sannan Jamus da Ostiriya da Bulgeriya suka taru a kanta. Pashich ya ƙi sa hannu a kan sulhu. Sarki da gwamnati da soja da farar hula suka bi ta duwatsun Albaniya cikin hunturu, dubbai suka mutu da yunwa da sanyi, waɗanda suka kai bakin teku aka kwashe su zuwa tsibirin Korfu na Girka. A can majalisar Sabiya ta riƙa zama a gidan wasan kwaikwayo na garin. Tsoho mai shekara 70 yana shugabantar gwamnatin da ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa. A wannan hali ne shi da Yarima Aleksandar suka gama da Apis. Aka gurfanar da shi a Salonika bisa zargin yunƙurin kashe yariman, aka harbe shi a Yunin 1917. Shari'ar ƙulli ce, kuma a 1953 wata kotu a Belgrad ta soke hukuncin.

Tambayar da ta rage ita ce wace irin ƙasa za a gina bayan yaƙi. Tun Disambar 1914, a garin Nish, gwamnatinsa ta shelanta cewa tana yaƙi don 'yantar da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa ta haɗa su. Amma a zuciyarsa abin da ke gaba shi ne haɗa Sabiyawa. Sauran in sun zo, su shigo gidan da aka riga aka gina. 'Yan siyasar Kuroshiya da ke gudun hijira, ƙarƙashin Ante Trumbich, suna ganin sabon gida za a gina tare. Da juyin-juya-hali ya kifar da sarkin Rasha a 1917, Pashich ya rasa bangon da yake jingina, ya zauna da Trumbich suka sa hannu a Sanarwar Korfu ranar 20 ga Yuli. An amince da ƙasa ɗaya ƙarƙashin gidan Karadjordjevich, da daidaiton addinai da haruffan rubutu biyu. Batun ko za a yi tarayya ko mulkin tsakiya kuwa aka bar shi a dunƙule, aka ce majalisar tsara tsarin mulki za ta yanke da rinjaye na musamman. A Nuwambar 1918 a Geneva, da aka matsa masa, ya sake sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba Zagreb, babban birnin Kuroshiya, kusan matsayi ɗaya da Belgrad. Cikin kwanaki gwamnatinsa ta yi watsi da ita. Sojojin Italiya na dannowa ta gaɓar teku, wakilan Zagreb suka ruga Belgrad ba tare da wani sharaɗi mai ƙarfi ba, aka shelanta Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa ranar 1 ga Disamba.

Aleksandar, wanda ya gaji da tsohon, ya ƙi naɗa shi firaministan farko. Ya ba Stojan Protich, ya tura Pashich taron sulhu na Paris. A farkon 1921 ya dawo kujerar, a daidai lokacin rubuta tsarin mulki.

Nan ne nake ganin dabarunsa suka ci amanarsa. Ƙasar tana da mutum kusan miliyan 12, Sabiyawa ba su kai rabi ba. Akwai 'yan Otodoks da 'yan Katolika da Musulmi, akwai yankunan da suka shekara ɗaruruwa ƙarƙashin dokokin Vienna da Budapest, da majalisarsu ta Zagreb mai tsohon tarihi. Pashich ya kalli wannan duka da idon da ya saba kallon majalisar Belgrad: kujeru nawa nake bukata? Ya haɗa kai da jam'iyyar Dimokurat a kan mulkin tsakiya, aka yanka ƙasar gida 33 don kada wani yanki na tarihi ya tsaya da ƙafarsa. "Rinjaye na musamman" ya koma rabi da ɗaya. Jam'iyyar manoman Kuroshiya ta Stjepan Radich, mai kujeru 50, ta ƙaurace wa zaman. 'Yan kwaminis da babbar jam'iyyar Sulobeniyawa suka fice. Ƙuri'un da suka rage ya samo su a wurin 'yan majalisa Musulmi na Bosniya, jam'iyyar Mehmed Spaho, da na kudu, bisa alƙawarin biyan diyya ga masu ƙasar da aka raba wa manoma gonakinsu, da barin kotunan shari'ar Musulunci a kan aure da gado, da kiyaye iyakokin Bosniya. Ranar 28 ga Yunin 1921 aka kaɗa ƙuri'a: 223 suka amince, 35 suka ƙi, 161 ba sa zauren. Ranar ma ita ce Vidovdan, ranar tunawa da yaƙin Kosovo na 1389, ranar alhinin Sabiyawa da alfaharinsu, wadda ba ta nufin haka ga mutumin Zagreb ko Sarajevo.

A lissafin majalisa ya yi nasara. Amma tsarin mulki ba kasafin kuɗi ba ne da za a wuce da shi bana a gyara baɗi. Mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa a 1883 saboda ya ce ƙauye ya mulki kansa, shi ne ya tura wa Kuroshiyawa gwamnoni da 'yan sanda daga Belgrad. Hatta tsohon abokinsa Protich, wanda suka kafa jam'iyya tare, ya rabu da shi a kan wannan. Ana iya yi masa uzuri: Sabiya ta rasa wani kaso mai ban tsoro na jama'arta a yaƙi, Italiya da Hangari da Bulgeriya na jiran ƙasar ta tsage, kuma Sabiyawa na warwatse cikin Kuroshiya da Bosniya ta yadda duk layin tarayya da aka ja zai bar wasunsu a matsayin tsiraru. Dalilai ne na gaske. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ya wajabta a kafa ƙasa ba tare da yardar al'umma ta biyu mafi girma a cikinta ba.

Sauran shekarunsa kokawa ce da Radich. A 1923 Radich ya samu kujeru 70. A 1924 ya je Mosko, Pashich ya kama wannan ya sa aka tsare shi a farkon 1925. Cikin watanni kuma sai ga jam'iyyar Radich ta amince da sarki da tsarin mulki, sai ga ta a gwamnatin Pashich, Radich kansa ya zama ministan ilimi. Daga kurkuku zuwa kujerar minista a shekara guda: tsohuwar dabara ce ta Baja, a matsa sannan a saya. Ba ta warware komai ba. Abin da ya kayar da shi kuwa daga cikin gida ya fito. Ɗansa Radomir ya yi ƙaurin suna da badaƙalar kwangiloli, Radich da wasu 'yan Radikal suka yi ta tono, uban ya ƙi sakin ɗan. A Afrilun 1926 ya yi murabus, yana zaton za a sake kiransa kamar kullum.

Ranar 9 ga Disambar 1926 ya je fada ya gana da Sarki Aleksandar yana neman a ba shi damar kafa gwamnati. Bai samu ba. Da ya koma gida ciwo ya kama shi farat ɗaya, ya rasu washegari, saura kwanaki ya cika shekara 81. A ranar 20 ga Yunin 1928 wani ɗan majalisa na jam'iyyarsa, Punisha Rachich, ya zaro bindiga a zauren majalisa ya harbi 'yan jam'iyyar manoman Kuroshiya biyar. Biyu suka mutu nan take, Radich ya cika a watan Agusta. Ranar 6 ga Janairun 1929 sarki ya soke tsarin mulkin Vidovdan, ya rufe majalisa, ya haramta jam'iyyu, har da ta Radikal.